Filaye biyu a Oakwood: yadda birnin Raleigh ya shata unguwar tarihi

A shekarar 1972 mazauna Oakwood suka samu labarin da ya hana su barci. Masu tsara hanyoyi sun ja layin wani babban titi daga arewa zuwa kudu, layin kuma ya bi ta tsakiyar unguwarsu. Oakwood tana cikin Raleigh, babban birnin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, 'yar tafiyar ƙafa daga gidan gwamna. An fara gina ta ne bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, kuma mafi yawan gidajenta na ƙarshen ƙarni na 19 ne da farkon na 20: gidajen katako masu faɗin baranda a gaba, da rufi mai tsini, da ado da aka sassaƙa a bakin rufi da ginshiƙai.

A lokacin da maganar titin ta taso, unguwar ta riga ta gaji. Masu hali sun daɗe da ƙaura zuwa sababbin unguwanni a bayan gari, manyan gidajen an yayyanka su ɗaki-ɗaki ana ba 'yan haya, fenti ya kware, katako ya fara ruɓewa. Irin wurin da injiniya yake so ke nan idan yana neman inda zai bi da titi, domin diyyarsa ba tsada. Sai dai akwai wasu da suka fara sayen tsofaffin gidajen suna gyarawa, su da tsofaffin mazauna suka kafa ƙungiyar kare unguwar a wannan shekara. Titin bai tabbata ba. A watan Yunin 1974 aka sanya Oakwood cikin Kundin Wuraren Tarihi na Ƙasa, wanda gwamnatin tarayya ta buɗe bisa dokar 1966.

Mai karatu zai ɗauka magana ta ƙare, tunda tarayya ta sa hannu. Da sauran rina a kaba. Shiga wannan kundi girmamawa ce, tana kuma tilasta wa duk aikin da kuɗin tarayya ko izininta ke ciki ya tsaya a duba illar da zai yi wa wurin. Amma ba ta hana mai gida komai. Mutum zai iya wayar gari ya kira katafila ta baje gidansa mai shekara ɗari, da kuɗinsa, babu jami'in tarayya da zai ce masa kanzil. Mai iya taka masa birki ɗaya ne, majalisar birni. Ita kuma ba ta da wannan iko sai jiha ta ba ta.

Wannan shi ne ginshiƙin lamarin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. A tsarin Amurka birni ɗan jiha ne. Majalisar dokokin jiha ce ke ƙirƙirarsa, ita ce ke faɗa masa abin da zai iya taɓawa. An fi danganta wannan ƙa'ida da wani alƙalin jihar Iowa, John Dillon, tun 1868. Saboda haka kowace jiha da irin ƙofar da ta buɗe. Charleston ta kafa unguwar tarihi ta farko a ƙasar a 1931. A Luwiziyana sai da aka gyara tsarin mulkin jiha a 1936 kafin New Orleans ta samu ikon kare tsohuwar unguwar Faransawa. A Karolina ta Arewa, Winston-Salem ta yi gaban kanta a 1948 don kare tsohon garin Salem, majalisar jiha ta ba wasu 'yan garuruwa izini na musamman a 1965, sannan a 1971 ta yi doka ɗaya da ta buɗe ƙofar ga kowane birni. Da wannan doka Raleigh ta yi aiki.

Dokar ba ta ce wa birni ga wuƙa ga nama ba. Ta shimfiɗa hanya, kuma wanda ya tsallake mataki kotu na iya rushe masa aikin. Kamar yadda take a yau, a babi na 160D na dokokin jihar, dole a fara da bincike: rahoto da ke bayyana muhimmancin gine-ginen da wurin, da kuma ainihin iyakar da ake son ja. Sai a aika rahoton ga ma'aikatar jiha mai kula da al'adu, a ba ta kwana 30 ta faɗi ra'ayinta. Shawara ce kawai take bayarwa, in kuma ta yi shiru har wa'adin ya cika, birni ya ci gaba da harkarsa. Daga nan maganar ta bi hanyar da kowane sauyi a dokar tsara filaye ke bi, wato hukumar tsare-tsare, sanarwa, zaman jin ra'ayin jama'a, sannan ƙuri'ar majalisar birni. Dole kuma a kafa hukumar da za ta kula da unguwar, mutum uku aƙalla, mafi yawansu masu ilimi ko gogewa ko sha'awa ta musamman a tarihi, zanen gini ko makamantansu. Hukumar ba ta fara yanke hukunci sai ta rubuta ƙa'idojin da za ta riƙa aunawa da su.

Raleigh ta bi wannan hanya. Sashen tsare-tsarenta ya yi nazarin unguwar, aka yi zaman jin ra'ayi a watan Afrilun 1975, majalisa ta amince a watan Yuni. Eka 98, wato kusan hekta 40, suka zama unguwar tarihi ta farko a birnin. Ba a soke tsarin filayen da ke akwai ba. Filin da aka ware don gidan zama ya ci gaba da zama na gidan zama, na ofis ya ci gaba da zama na ofis, sai dai an shimfiɗa sabuwar doka a kan tsohuwar kamar darduma a kan tabarma.

Me wannan ke nufi ga mai gida? A ce tagoginka na katako sun ruɓe, kana son ka cire su ka sa na roba masu arha. Kafin ka kira kafinta sai ka nemi takardar dacewa, wato izinin hukumar cewa aikin ya dace da unguwar. Dokar jiha ta lissafa abin da hukumar ke da hurumin dubawa: salon ginin, tsarinsa, girmansa, irin kayan da aka yi shi da su, tagogi, ƙofofi, fitilu, alluna, katanga, shinge, matakala. Ƙananan ayyuka ma'aikatan ofis ke sa wa hannu, manya kuwa sai an zauna gaban hukuma, a saurari shaidu kamar a kotu, kuma dole a ba ka amsa cikin kwana 180. Cikin gida ba ruwan hukumar. Gyaran yau da kullum da bai sauya kamannin gini ba, shi ma ba ruwanta. Abin da zai ba mutane mamaki shi ne rusau: a bisa ƙa'ida hukumar ba ta iya hana ka rushe gidanka. Iyakarta ta jinkirta ka har kwana 365, ko za a samu mai saye ko mai ɗauke gidan zuwa wani fili. Sai ginin da ofishin jiha ya tabbatar yana da muhimmanci ga jihar baki ɗaya ne ake iya hanawa, ko kuma inda majalisar jiha ta ba wani gari ƙarin iko na musamman.

Sannan akwai jimla ɗaya da ta ɗaure hukumar. Ba ta da ikon yin komai sai don hana abin da zai saɓa wa yanayin unguwar na musamman, wato abin da zai zama bare a cikinta. Dokar ba ta ce a hana sabo ba, ba ta ce a hana mummuna ba. Duk rigimar da Oakwood ta gani a shekara arba'in a kan wannan jimla take.

Ta farko ta taso ne tun tawada ba ta bushe ba. Wani kamfani mai suna A-S-P Associates yana da fili a titin North Person, a gefen unguwar. Babu gini a kai, kuma an ware shi don ofisoshi. Layin iyaka ya haɗa da shi. A daidai wannan yanki akwai ginin Ƙungiyar Likitocin Jihar, babban ofis na zamani mai hawa huɗu, shi kuma layin ya kauce masa bayan ƙungiyar ta nemi a cire ta. Kamfanin ya nemi a cire shi shi ma, aka ƙi. Duk wanda ya tsaya a wannan kwana zai gane abin da ya ci musu rai. Ga maƙwabci mai ƙarfi an bar shi ya sha iska, ga kai mai fili fetal, wanda ko bulo ɗaya na tarihi babu a ciki, an ce ba za ka aza tubali ba sai wasu mutane sun yarda da zanenka.

Kamfanin ya tafi kotu da hujjoji da yawa. Ya ce dokar ƙawa kawai take karewa, ƙawa kuwa ba ta cikin abin da hukuma ke iya tilasta wa mutum a kan dukiyarsa. Ya ce kalmar saɓawa ba ta da iyaka, don haka majalisa ta miƙa ikon yin doka ga mutanen da ba wanda ya zaɓe su. Ya ce cire ginin likitoci fifiko ne da nuna bambanci. Kotun farko ta ba birni gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, maganar ta isa Kotun Ƙolin jihar, wadda ta yanke a 1979.

Lokacin ya yi wa birnin daɗi. Shekara ɗaya kafin nan, a watan Yunin 1978, Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan birnin New York a rigimarsa da kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central, wanda ya so ɗora doguwar hasumiyar ofisoshi a kan tashar Grand Central. Alƙalai shida cikin tara suka ce hana shi ba ƙwace dukiya ba ne da sai an biya diyya. Kotun Karolina ta jingina da wannan, da kuma hukunce-hukuncen New Orleans.

A kan maganar ƙawa, kotun ta ce kare unguwar tarihi ya wuce gyaran ido. Akwai ilimi a ciki, akwai farfaɗo da wuraren da suka lalace, akwai baƙi masu yawon buɗe ido da kuɗin da suke kawowa. (Ba a daɗe ba ma, a 1982, kotun ta yarda cewa ƙawa kaɗai na iya zama dalilin doka, a wata shari'a kan shingen wurin tara gwangwani.) A kan fili fetal, ta ɗauko tunanin da kotunan Luwiziyana suka daɗe da kafawa, cewa abin da ake karewa shi ne wurin gaba ɗayansa, ba gida-gida ba. Gida mai tarihi da aka kewaye da abin da bai dace da shi ba ya rasa rabin abin da ya sa ake kallonsa, saboda haka filin da ba kowa a kai ya fi ma buƙatar sa ido, tunda a nan ne sabon abu zai tsiro. Ta kuma tuna wa kamfanin cewa ba a hana shi gini ba. Zai iya gina ofishinsa, matuƙar bai zama bare ba.

Amsar da ta bayar kan kalmar saɓawa ita ce ta fi daɗewa ana ambata. Kotun ta ce kalmar tana samun ma'anarta ne daga abin da ke tsaye a ƙasa. Oakwood tana da kamanni da ido ke iya gani, mai ilimin gini kuma zai iya aunawa: tsayin gidaje, nisansu da titi, irin kayan gini, yadda tagogi suka jeru. Idan aka haɗa wannan da rubutattun ƙa'idoji, da gogewar mambobin hukumar, da damar ɗaukaka ƙara, to ba son rai aka ba wa hukuma ba.

Ginin likitoci fa? Kotun ta ce akwai dalili mai kama hankali. Ginin ya riga ya saɓa wa unguwar, kuma ƙungiyar ta kashe kuɗi a harsashinsa don ƙara hawa biyu nan gaba, halin da filin kamfanin ba ya ciki. A nan ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Hujjar ta tsaya a shari'a, amma idan aka tuɓe mata riga, abin da take cewa shi ne wanda ya riga ya gina abin da bai dace ba ya tsira, wanda ya yi jinkiri ya shiga hannu. Iyakar unguwar tarihi ba masana tarihi kaɗai ke jan ta ba. 'Yan majalisa ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma suna jin muryar wanda ya fi kusa da kunnensu. Dokar jiha ta san haka, shi ya sa ta dage a kan rahoto da sanarwa da zaman jama'a, don ko an yi rangwame a yi shi a bainar jama'a.

Daga nan Oakwood ta miƙe. Gidajen haya suka koma gidajen iyali ɗaya, aka maido da barandun da aka toshe, ƙungiyar mazauna ta ci gaba da buɗe gidaje ga masu ziyara a kowane Disamba. Unguwar da aka so a bi ta kanta da titi saboda arharta ta zama wurin da mai ƙaramin albashi ba ya ko tambayar farashi. Birnin ya ƙara wasu unguwannin tarihi bayanta. Masu haya da suka cika waɗancan ɗakuna a shekarun 1960 ba su cikin lissafin kowace kotu.

Ana nan, sai ga wani fili fetal.

A 2013 wasu ma'aurata, mijin mai zanen gine-gine, matar malamar jami'a, suka nemi takardar dacewa don gina gida a wani ƙaramin fili a cikin unguwar. Zanen na zamani ne ƙarara: hawa biyu, jikin katako, manyan tagogi, babu sassaƙa ko adon da. Hukumar ta yi zama mai tsawo, ta saurari masu goyon baya da masu suka, ta amince a watan Satumba. Birni ya ba da izinin gini, aka fara aiki. Maƙwabciyarsu da ke tsallaken titi, wadda ƙofarta ke kallon filin, ta ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin da ke duba ƙorafe-ƙorafen tsara filaye. A farkon 2014, da ƙuri'a uku da biyu, kwamitin ya soke takardar. A lokacin gida ya riga ya tashi, an yi rufi.

Ka ɗauki kanka a matsayin masu gidan. Ka bi kowane mataki, takarda na hannunka, ka zuba kuɗi, sai a ce maka izininka ya mutu, aiki ya tsaya, kuma ba mamaki a rushe abin da ka gina. Ka kuma ɗauki kanka a matsayin maƙwabciyar. Doka ta yi maka alkawari cewa abin da za ka gani in ka leƙa taga ba zai zama bare ba, da wannan alkawari ka yarda kai ma a riƙa tambayarka kafin ka sauya ƙofa. Unguwa ta rabu biyu, maƙwabtan da suka shekara suna gaisawa suka koma harara, labari ya fita har jaridun ƙasa.

Abin lura shi ne ƙa'idojin Raleigh ba su taɓa cewa sabon gida ya kwaikwayi tsoho ba. Masu kula da gine-ginen tarihi a Amurka da yawa suna ƙyamar kwaikwayo, domin a ganinsu gidan bana da aka yi wa shigar 1890 yaudarar mai kallo ne. Abin da ake nema shi ne jituwa a tsayi, girma, nisa da titi, da kayan gini. Oakwood ɗin kanta ba salo ɗaya ba ce, kowane zamani ya bar nasa a ciki. Masu goyon bayan gidan a nan suka tsaya. Masu suka kuma suka ce idan wannan gida bai saɓa ba, to mene ne zai saɓa? Tambayar da A-S-P ya yi ce a 1975 ta dawo, amma ta ɗaya gefen. Kamfanin ya ji tsoron kalmar za ta hana komai, maƙwabciyar ta ga ba ta hana komai ba.

Birnin Raleigh ya shiga wani hali mai ban dariya, domin hukumominsa biyu ne suka saɓa. Majalisa ta zaɓi ta bi bayan hukumar tarihi, ta kai ƙarar hukuncin kwamitinta tare da masu gidan. Dalilinta a fili yake. Idan kwamitin da ba na masana gini ba zai riƙa sake auna zane daga farko, to takardar dacewa ba ta da wata daraja, kuma babu mai hankalin da zai aza harsashi da ita. A doka, aikin kwamitin shi ne ya duba ko hukumar ta bi ƙa'ida kuma tana da hujja a cikin bayanan zamanta. Ba a ce ya sa nasa ɗanɗano a madadin nata ba.

A watan Satumban 2014 babbar kotun yankin ta ba masu gidan gaskiya, ta maido musu da takardarsu, suka ƙarasa gini suka tare. Maƙwabciyar ta ci gaba. A watan Fabrairun 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke hukunci, amma ba a kan kamannin gidan ba. Ta ce tun farko maƙwabciyar ba ta da hurumin kai ƙara. A dokar jihar, zama kusa da fili bai isa ba. Dole mai ƙara ya nuna wata asara ta musamman da ta same shi daban da sauran jama'a, kamar faɗuwar darajar gidansa da hujja a hannu, ko ambaliya, ko hayaniya. Cewa gini bai yi maka daɗin gani ba, ko ya ɓata unguwa, ba ya cikin wannan. Ga inda lamarin ya murɗe: a 1979 an kare dokar da hujjar cewa yanayin unguwa na kowa ne, a 2016 kuma wannan kasancewarsa na kowa ita ce ta sa mutum ɗaya ba zai iya tsayawa a kotu da sunansa ba.

A watan Agustan 2016 Kotun Ƙolin jihar ta ƙi sauraron maganar, kusan shekara uku bayan takardar farko. Manyan kotunan biyu ba wadda ta ce gidan ya jitu da Oakwood ko bai jitu ba. Hukuncin hukumar ne ya tsaya, kamar yadda kotun yanki ta tabbatar. Gidan yana nan cikin iyakar da aka ja a 1975, kuma duk ranar da masu shi suka so sauya waɗancan manyan tagogi, sai sun koma sun nemi takardar dacewa kamar kowa a layin.